Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Masana'antu Da Shugabannin Kasuwannin Kano: A Auna Nauyin Aiki Kafin A Ɗora Wa Mutum

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu shugabannin cibiyar ciniki da masana'antu ta Kano, wato KACCIMA, da shugabannin ƙungiyar masu masana'antu ta MAN a nan Kano, da shugabannin kasuwar Dawanau da Singa da Kwari da Sabon Gari da 'Yan Kaba da 'Yan Lemo, da duk wani Alhaji ko Hajiya mai sito ko mai kamfani da yake ɗaukar mutane aikin ƙarfi a garin nan, ranku ya daɗe, ina gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka.

Ni sana'ata gashin ƙashi ce, wato mu ne ake turo wa mutum bayan likita ya gama nasa, mu yi ta fama da kwankwaso da gwiwa da kafaɗa har jiki ya dawo daidai ko dai ciwon ya lafa. Kuma abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne da yawa daga cikin mazan da suke hawa gadon da nake aiki a kai ba tsofaffi ba ne, samari ne da magidanta masu ƙananan yara, 'yan dako da leburorin gini da masu lodi a kamfanonin shinkafa da na robobi, mutanen da ƙarfinsu shi ne jarinsu gaba ɗaya, ba su da wani abu bayan shi. Idan ka tambayi mutum me ya same ka sai ya ce ai buhu na ɗaga kawai na ji wani abu ya ce ƙas a bayana. To amma wannan buhun ba shi ne ya karya shi ba, shi dai ya ƙarasa ne, an daɗe ana ɗora wa bayan nan abin da ya fi ƙarfinsa kuma babu wanda ya taɓa tsayawa ya lissafa.

Maganata ɗaya ce, kuma a kanta zan yi ta juyawa har ƙarshen takardar nan: a garin nan muna auna komai amma ban da aikin da muke ba ɗan Adam. Ana auna hatsi, ana auna yadi, ana auna gas da dizal, motar da za ta ɗauki kaya ma kun san tan nawa take ɗauka kuma direba ba zai yarda a zarce ba saboda kar sifirin ya karye, amma mutumin da zai loda motar babu wanda ya san kilo nawa yake bi ta kan wuyansa daga safe zuwa magariba.

Kun san yadda ake ɗaukar aiki a bakin get ɗin kamfanoni a Sharaɗa da Challawa da Bompai da Tokarawa. Da sassafe matasa sun taru, foman ya fito ya kalle su ya ce kai, kai, da kai mai jar riga, ku shigo. Ƙirji yake kallo da damtse. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to gaskiya a nan wajen ido bai san kima ba sam, domin ido ba ya ganin ƙabar da ta fara leƙowa, ba ya ganin hawan jini, ba ya ganin asma ga wanda za a tura ɗakin da ƙura ta cika, ba ya ganin cewa wannan siririn da aka bari a waje ya fi ƙaton juriya. Shi kansa foman ɗin da za ka tsayar da shi ka ce aikin da za ka ba su ɗin nan buhu nawa ne a awa ɗaya, daga ƙasa ake ɗagawa ko daga kan mota, taku nawa ne zuwa inda ake jibgewa, sahu nawa ake ɗorawa sama, wallahi ba zai iya ba ka amsa ba. Yana zaɓen mutum ne don aikin da shi ma bai san nauyinsa ba.

Bari mu yi lissafin da kowa a cikinku ya fi ni iyawa. Tirela mai tan 30 tana ɗaukar buhu 600 na kilo 50, ko siminti ne ko shinkafa ko suga ko taki. Idan mutum shida ne suka sauke ta, kowa ya ɗauki buhu 100, wato tan 5 ya bi ta kan mutum ɗaya. Tirela ɗaya kenan fa. Ranar da kasuwa ta buɗe suka sauke uku, tan 15 kenan a wuya ɗaya da kwankwaso ɗaya. A Dawanau kuwa inda buhun masara ko gero ko wake yake kai kilo 100, mutum biyu ne suke cicciɓawa su aza wa na uku a ka ko a gadon baya ya tafi da shi da sassarfa, wani lokacin ma ya taka katako siriri ya hau cikin mota da shi. Ɗan garuwa da yake tura kura mai jarka 12, kowace jarka lita 25, ruwan kaɗai kilo 300 ne ban da ƙarfen kurar, a kan hanyar da duk ramuka ne da kwata.

Yanzu ku dubi abin da masana suka tsayar. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka da ake kira NIOSH ta fitar da lissafin ɗaga kaya wanda ta sabunta a 1991, inda ta sa kilo 23 a matsayin iyakar da yawancin masu lafiya za su ɗaga ba tare da haɗari ba, shi ma sai idan komai ya dace, wato kayan yana manne da jiki, yana daidai tsayin da hannu yake sauka ba a ƙasa ba, ba a murɗa jiki, akwai wajen riƙo mai kyau, kuma ba a kai a kai ake ɗagawa ba. Da zarar ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓaci sai adadin ya sauko ƙasa da 23. A Ingila ma'aunin da hukumarsu take ba da shawara a kai kilo 25 ne ga namiji idan kayan na kusa da jiki daidai ƙugu, mace kuma 16. Ita ma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, tun 1967 da ta yi yarjejeniya a kan iyakar nauyi, shawarar da ta biyo baya ta ce kar babban namiji shi kaɗai ya wuce kilo 55, kuma wannan tsohon ma'auni ne da ilimin yau yake ganin ya yi yawa. Ma'aikatar ƙwadago ta Amurka kuma ta kasa ayyuka gida biyar gwargwadon nauyi, daga aikin zaune har zuwa na ƙarshe mafi tsanani, wanda shi ne duk aikin da ake ɗaga abin da ya haura wajen kilo 45. Kun ga kenan buhunmu na kilo 50 da muke ɗauka a matsayin ƙaramin buhu ya riga ya faɗa gidan ƙarshe, balle na 100.

Na san za a ce ai su Turawa ne, jikinsu ba irin namu ba ne, mu mun saba. Ranku ya daɗe sabo gaskiya ne, tsoka tana ƙarfi idan ana aiki da ita, amma guringuntsin da yake tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya iri ɗaya ne a jikin kowa, idan aka yi ta danna shi ana sunkuyo ana murɗawa wata rana zai zame ya danne jijiya, ciwo ya sauka ta ɗuwawu har tafin ƙafa, ƙafa ta riƙa dindiris, wani ma fitsari ya gagare shi riƙewa. Ni nake ganinsu. Wanda ya yi sa'a ya warke da gashi da motsa jiki, wanda bai yi ba sai maganar tiyata a Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano, kuɗin da ɗan dako ko ya shekara yana tarawa ba zai haɗa ba, sai ya koma ƙauye ya kwanta, ku kuma gobe da safe wani ya maye gurbinsa a bakin get ba tare da kun ma san ya tafi ba.

To me nake nufi da auna aiki? Ba wani abu ba ne mai wahala ko tsada. Mutum ɗaya ne da ya san abin zai zo wajen aikin da sikeli da tef ɗin awo da agogo da biro, ya wuni tare da masu aikin yana kallo yana rubutawa. Kayan nan kilo nawa ne. Daga wane tsayi ake ɗauka, a wane tsayi ake ajiyewa, ana ɗagawa sama da kafaɗa ko a'a. Sau nawa a awa. Mita nawa ake tafiya da shi, ƙasan wajen daɓe ne ko rairayi ko santsi, akwai matakala ko tsani. Awa nawa mutum yake yi a tsaye, nawa a tsugune, nawa a sunkuye. Abin da ake yi jefi-jefi ne, ko yana cin sulusi zuwa kashi biyu cikin uku na wunin, ko kusan wunin gaba ɗaya, domin kilo 10 sau ɗari biyar ya fi kilo 40 sau biyu cin jiki. Sannan ya tambayi masu aikin da kansu ina ne ya fi ba ku wuya, don su suka sani, kuma sau da yawa abin da za su nuna maka ba shi ne wanda manaja yake zato ba. A ƙarshe duk wannan ya dawo takarda ɗaya ko biyu: aikin lodi a sito kaza yana buƙatar kaza da kaza. Shi kenan. Jami'ar Bayero tana yaye masu gashin ƙashi duk shekara, akwai likitocin lafiyar al'umma, akwai waɗanda suka karanci kiyaye haɗari a wajen aiki suna yawo da takardu ba aikin yi, ba sai an ɗauko kowa daga Legas ko waje ba.

Kuma ba nauyi kaɗai ake dubawa ba. Zafin Kano a watan Maris da Afrilu da Mayu yana haura digiri 40 a waje, to ina ga cikin sito mai rufin kwano ba taga, ko kusa da tukunyar turara shinkafa, ko gaban injin narka roba. Sabon ma'aikaci jikinsa yana buƙatar sati ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki cikin irin wannan zafin, shi ya sa waɗanda suke yanke jiki su faɗi galibi sababbi ne, amma mu ranar farko ake haɗa shi da tsofaffin hannu a ce ya nuna kansa. Mai aiki cikin zafi ana so ya sha kamar kofi ɗaya na ruwa duk minti 15 zuwa 20, a wurare da yawa kuwa ko randa babu, sai ya sayi fiya wata da kuɗinsa. A shekarun 2023 da 2024 azumi ya faɗo a Maris da Afrilu, mutum da ƙishirwa a bakinsa yana sauke tirela da azahar, alhali da an tsara sai a mayar da lodi mai nauyi bayan asuba ko bayan an sha ruwa. Ga ƙura, ku leƙa inda mata suke tsince zoɓo da riɗi su sheƙe su tankaɗe, wuni guda a zaune a ƙasa a sunkuye, mayafi kawai suke naɗewa a hanci. Ga ƙara, ma'aunin da aka sani shi ne desibel 85 na awa takwas, kuma ko ba na'ura akwai hanyar ganewa, idan sai ka ɗaga murya sosai kafin wanda yake nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, to wajen ya kai ya fara cin kunne, kuma jin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa. Ga sinadaran jima a masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa. Duk waɗannan suna cikin nauyin aiki, dole su shiga takardar.

Akwai abin da muke kau da kai a kansa, maganar tramol. Kullum ana zagin matasa ana cewa 'yan ƙwaya ne, NDLEA tana kame, malamai suna wa'azi, kuma duk daidai ne. Amma wani ɓangare na masu shan nan ba don maye suka fara ba, don su iya gama lodi suka fara, jiki yana ciwo kuma idan bai fita ba ba a ɗora tukunya a gidansa, sai abokin aiki ya miƙo masa guda ɗaya ya ce sha ka ji ƙarfi. Wanda bai kai ga tramol ba yana haɗiyar haɗin maganin gajiya na kemis kullum dare, irin su diclofenac da ibuprofen, a cikin da ba abinci sosai, a jikin da ya wuni yana zubar da gumi ba ruwa, wannan kuwa hanya ce miƙaƙƙiya zuwa gyambon ciki da ciwon ƙoda. Idan aiki sai da ƙwaya yake yiwuwa, to a binciki aikin tukunna kafin a zagi yaron.

Sai maganar takardar lafiya. Dokar ƙwadago ta ƙasa, sashe na 8, ta ce wanda za a ɗauka aiki da yarjejeniya likita mai rajista ya duba shi, kuma mai ɗaukar aikin ne zai biya. A aikace me ake yi? Ko dai ba a yi kwata-kwata, ko a ce wa mutum je ka kawo takardar lafiya, ya je ya biya da kuɗinsa a buga masa hatimi a rubuta lafiyarsa ƙalau, wani ko awon jini ba a yi masa ba. Ko da likitan mai tsoron Allah ne ya duba da gaske, lafiyarsa ƙalau don yin wane aiki? Ai ba a gaya masa ba. Mai gadi da mai lodi da direban motar ɗaga kaya da mai haɗa wayar lantarki takarda iri ɗaya suke kawowa, bayan direba idonsa da jinsa ne abin dubawa, mai lantarki a tabbatar yana bambance kala, mai hawa sama a tabbatar ba ya farfaɗiya ko jiri, mai shiga ƙura a saurari ƙirjinsa. Da takardar aikin tana hannun likita sai ya san me zai nema. Gwajin ƙarfi ma idan za a yi, a gwada mutum da irin abin da zai yi ɗin, a fara da mara nauyi ana ƙarawa a hankali ana kallon yadda yake ɗagawa, da wanda ya san lokacin da zai ce tsaya, ba a jefa masa buhu a ka a gaban jama'a a ce idan ka kai shi can an ɗauke ka ba.

Wasu kamfanonin kuma da suke ganin sun waye sai su ɓuge da gwaje-gwajen da ba su da alaƙa da aikin. A ɗauki hoton ƙashin baya a ce da shi za a gane wanda bayansa zai yi ciwo nan gaba, alhali bincike ya daɗe da nuna hoton ba ya faɗar wannan, mutane da yawa masu lafiya garau za ka ga 'yan canje-canje a hotonsu. A yi wa mace gwajin ciki a ɓoye. A yi gwajin HIV a kori mutum ba tare da an gaya masa dalili ba, bayan dokar hana wariya ta 2014 ta haramta sanya wannan gwajin a matsayin sharaɗin ɗaukar aiki. Don haka ina roƙo kar wani ya karanta wasiƙar nan ya mayar da ita hujjar tace mutane yana zubarwa, ba abin da nake kira gare shi ba kenan.

Hasali ma auna aiki ƙofa yake buɗewa. Garin nan cike yake da waɗanda shan inna ya taɓa tun suna yara, kuma duk mun ga yadda wasunsu suke walda suna ƙera kekunan guragu da hannunsu, ƙarfin damtsensu ya fi na da yawa daga cikinmu. Amma ya je neman aikin liƙe leda ko ɗinkin buhu ko rubuta shige da ficen kaya, aikin da a zaune ake yinsa daga farko har ƙarshe, tun daga get za a sallame shi da ɗari biyu kamar bara ya zo. Kurma a ɗakin da ake shirya kaya a kwali me zai gagare shi, in dai an sa fitilar gargaɗi a inda ake buga ƙararrawa. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a watan Janairun 2019 ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati, ku 'yan kasuwa ba sai an tilasta muku ba, idan takarda ta nuna aikin nan hannu da ido yake buƙata ba ƙafa ba, to da wane dalili za a hana shi. Haka dattijon da ya shekara ashirin yana muku dako gwiwa ta gaji, ya san kowane lungu na siton, ya san buhun da aka yi wa algus tun daga ɗagawa, maimakon a bar shi ya ɓace sai a mayar da shi kan sikeli ko ƙirga.

Abu mafi muhimmanci kuma, idan awo ya nuna aiki ya fi ƙarfin yawancin mutane, aikin ake gyarawa, ba a tafi neman wani Sarkin Ƙarfi da zai jure na shekara biyu kafin shi ma ya karye ba. Gyaran ma yawanci ba na miliyoyi ba ne. Dakali a bakin sito daidai tsayin bayan mota yadda ba sai an hau katako ba. Baro da kura mai taya mai kyau. A daina jibge buhu tun daga daɓe har sama da kai, a ɗora a kan katako a tsaya daidai kafaɗa. Buhun da ya kai 100 a raba shi biyu ko a ce dole mutum biyu. Masu kamfanin da suke zuba kaya da kansu su yawaita buhu mai kilo 25, ai ga shi nan ana yi a shinkafa kuma yana tafiya a kasuwa. A riƙa juya mutane, wanda ya yi awa biyu yana lodi ya koma shara ko ɗinki. Inuwa da ruwa da hutun minti goma. Bel ɗin nan na ɗaure ƙugu da wasu suke rabawa su ce sun yi maganin ciwon baya, babu hujjar da ta tabbatar yana hana rauni, wani lokacin ma sa mutum yake ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa don yana jin a ɗaure yake, gara kuɗin a sayi baro.

Na san inda gizo yake saƙar, kuma ba zan ɓoye ba. 'Yan dakon da kansu za su iya zama na farko da za su ƙi, saboda a kan buhu ake biyansu, idan ka ce a rage gudu ko a kawo baro ko inji, abin da zai ji shi ne za a rage masa abincin yara. Tsoronsu gaskiya ne. Shi ya sa ba za a yi wannan ba tare da shugabannin 'yan dako na kowace kasuwa ba, a zauna da su a daidaita farashi yadda mai ɗaukar buhu biyu na 50 ba zai samu ƙasa da mai ɗaukar ɗaya na 100 ba. Na kuma san wani Alhajin zai ce ni ba ma'aikatana ba ne, mota ta zo na kira su na biya su sun tafi, ko kamfani ya ce ɗan kwangila ne ya kawo su, ba sa cikin littafinmu. A takarda wataƙila haka ne. Amma kayanka ne a kansa, a ƙofar sitonka ya faɗi.

Dokoki kuma suna nan ko da ba a bin su. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta a sanar da sufeton ma'aikatar ƙwadago duk haɗarin da ya kashe ma'aikaci ko ya hana shi aiki sama da kwana uku. Dokar biyan diyya ta 2010 ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a asusun inshorar ma'aikata na gwamnati da ake kira NSITF, ma'aikaci ba a cire masa ko kwabo, idan ya ji rauni ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, shi kuma ubangidan ya kai rahoto cikin kwana 7, asusun ya ɗauki magani da diyya. Yawancin waɗanda suke zuwa wajena ko sunan asusun ba su taɓa ji ba. Kuma a nan ma takardar aikin tana da amfani, domin idan mutum ya fara samun sauƙi ana tambayata zai iya komawa aiki, ni kuma sai na ce wane aikin, kilo nawa, sau nawa, ba mai amsa, to ko dai na ce ya ci gaba da zama gida yunwa ta ci shi, ko ya koma ya sake karyewa a satin farko. Da akwai takarda sai na ce ya koma gobe amma kar ya wuce kilo 10 na wata ɗaya, a ba shi kaza da kaza daga cikin ayyukan da aka lissafa.

Iyayena, kun fi ni sanin addini. A Suratul Ƙasas aya ta 26 'yar dattijon nan na Madyana ta ce wa mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa alaihis salam aiki domin mafi alherin wanda za a ɗauka shi ne mai ƙarfi amintacce, kuma ta faɗi haka ne bayan ta ga aikin da ya yi a bakin rijiya da idonta. Hadisin Abu Zarri kuma da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam ya ce waɗanda suke ƙarƙashinku 'yan uwanku ne, kar ku ɗora musu abin da zai rinjaye su, idan kun ɗora musu to ku taimake su. Ta yaya mutum zai san ya ɗora abin da ya rinjayi ɗan uwansa idan bai taɓa aunawa ba?

Abin da nake roƙo a aikace shi ne KACCIMA da MAN su haɗa ɗan ƙaramin kwamiti da ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke nan Kano da NSITF da mutanen Jami'ar Bayero da wakilan leburorin, a fitar da fom ɗaya mai sauƙi da Hausa da Turanci na auna aiki, a fara gwada shi a kan ayyukan da suka fi karya mutane, lodi da sauke kaya a Dawanau da Singa, da ɗakin turara da na ɗinkin buhu a kamfanonin shinkafa, da ɗaukar bulo da kwaɓa a wajen gini. Kowane kamfani da ya cike nasa ya liƙa a bakin get da Hausa yadda mai neman aiki zai karanta ko a karanta masa ya san abin da zai shiga, a kuma ba likitan da zai duba shi kwafi. Shugabannin kasuwa su ajiye littafi guda a ofis da za a riƙa rubuta duk wanda ya ji ciwo a bakin aiki, ranar da wajen da abin da yake ɗauke da shi, ko da ba a biya shi komai ba, bayan wata shida littafin da kansa zai nuna muku wane sito ne da wane irin kaya ne suke cin mutane. Ranar 28 ga Afrilu ta kowace shekara ita ce ranar kiyaye lafiyar ma'aikata ta duniya, kuma tana faɗowa ne a tsakiyar zafinmu, zai yi kyau a ce kafin ta zagayo an auna ko da ayyuka goma ne a garin nan an karanta sakamakon a gaban masu yinsu. Idan aka kira mu, ni da abokan sana'ata da dama za mu zo da sikelinmu mu yi na farkon kyauta.

Allah ya ba ku ikon dubawa, ya tsare mana dukiyoyinku da lafiyar masu yi muku hidima.

Wassalamu alaikum.

Naku,
wani ma'aikacin gashin ƙashi a birnin Kano.